Ranar da Aka Zo Ja wa Ɓarawona Yasin

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, bayan La'asar, da aka shimfiɗa tabarmi uku a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa don a ja wa ɓarawona Yasin. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsatstsafo mini a ƙeya, ko da kuwa ina gaban fanka.

Bari in fara gabatar da kaina, don ku san daga wane tsayi na faɗo. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin garin Katsina. A unguwa ana yi mini kallon kamilin mutum, ga sahun gaba a masallaci, ba sigari, ba zaman majalisar banza. Kuma ni ne masanin waya na layinmu. In an turo wa dattijo saƙo wai ya ci kyautar mota, ni ake kawo wa in duba, sai in gyara zama in yi masa lacca a kan 'yan damfara. "Baba, kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko da ni ne." Haka nake cewa, har da ɗaga yatsa.

To, mai ɗaga yatsar nan ne ya yi wata huɗu yana caca a ɓoye.

Ba irin ta shago ba. A Katsina in ka sa ƙafa a shagon caca, kafin ka fito labari ya riga ka isa gida, har da kalar hular da ka sa. Tawa ta zamani ce, a intanet, da kuɗin kirifto. Ka canza nairarka ta koma wasu lambobi, ka zuba su a asusun wani shafi, shi ke nan, babu mai shago babu maƙwabci. Wasan da ya kama ni na wani ɗan jan jirgi ne. Zai tashi sama, yana hawa kuɗinka na ninkuwa, aikinka kawai ka danna ka sauka kafin ya faɗi. Ban taɓa kiran abin caca ba, ko a zuciyata. Bincike na sa masa suna. Har littafi na saya ina rubuta inda jirgin ya faɗi kowane zuwa, wai ina neman ƙa'idarsa (ƙa'idar ɗaya ce, daga baya na gano: yana faɗuwa ne daidai lokacin da na zuba da yawa).

Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne yadda na yarda da mutanen nan. Ban san sunan mai shafin ba, ban san ƙasarsu ba. Amma akwai hoton ɗan makulli a saman shafin, da rubutun Turanci mai cewa ajiyata ta fi ta banki tsaro, da kuma hoton wata baiwar Allah da abin magana a kunne tana murmushi, wadda ke amsa mini duk sa'ad da na yi tambaya. Sau biyu na gwada cire 'yan canji, suka fito lafiya lau. Daga nan na saki jiki. Na kwashe kuɗin da nake tarawa don sayen babur na mayar da su can, wai su zauna kusa da wurin aiki. A cikinsu har da gudummawar Inna, mahaifiyata, wadda ta sayar da jar akuyarta ta miƙo mini kuɗin saboda ta gaji da ganina a bayan 'yan acaɓa.

Wata Litinin wayar ta suɓuce ta faɗi, gilashin ya tsage. Na kai wa Sabi'u mai gyaran waya a Ƙofar Kaura. Sabi'u ɗan layinmu ne, benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, kuma rabin wayoyin unguwarmu sun taɓa kwana a durowarsa. Kamar yadda kowa yake yi, na gaya masa lambar buɗe wayar don ya gwada in ya gama (ni ɗin nan dai, mai lacca). Ranar Talata na karɓo abata.

Laraba da aka fita tara, ina ofishin malamai, na buɗe shafin. Sifili. A ƙarƙashin sifilin ga dogon bayani: masu kutse sun fasa ma'ajiyar shafin, sun kwashe na kowa da kowa, ana ba mu haƙuri, ana kan bincike. Na rubuta wa baiwar Allah mai murmushi. Murmushin na nan, amsa ce babu. Ranar na shiga aji na rubuta lissafi a allo na kasa warware shi, sai na ce aikin gida ne.

Ina shiga gida Inna ta dube ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta faɗin sunana.

"Kai wanga, mi ya hwaru? Huskarka kamar an aiko maka da mutuwa."

"Inna, kutse aka yi mini. An kwashe kuɗin babur."

Ku lura, babu ƙarya ko ɗaya a maganar nan. Rabin gaskiya ce na yanko, na bar rabin mai ƙashi.

"Mi ne ne kutse?"

"Ɓarayi ne masu shigowa ta waya."

"To wa ya riƙe wayar taka?"

Matata Rabi tana gefe tana tankaɗe. Da zuciya ɗaya ta ce, "Ai shekaranjiya a wurin Sabi'u ta kwana."

"A'a, ba Sabi'u ba ne," na ce, amma da wata irin murya da ko ni ban yarda da ita ba. "Mutanen suna can ƙasar waje."

Inna ta ajiye carbinta. "Ɓarawon ƙasar waje ya bar masu kuɗɗin duniya, ya biɗo malamin makaranta a Ƙohwar Marusa? Wa ya kwatanta mashi gidan?"

Tambayar nan amsarta ɗaya ce, kuma in na bayar da ita asirina ya tonu. Sai na yi shiru. A cikin duk abin da na aikata, shirun nan ne ya fi damuna, ya fi cacar kanta.

Inna ba mai rigima ba ce, ba ta je shagon kowa ba. Aike ta yi Gobarau wurin Alaramma Ɗahiru, aminin marigayi babanmu. Kun dai san yadda ake yi in an yi sata ba a kama hannun kowa ba: a yi shela a ba da kwana uku, wanda ya ɗauka ya mayar a asirce, in ya ƙi a ja masa Yasin. Kuma kowa a garin nan yana da labarin wani da cikinsa ya kumbura ko bakinsa ya karkace. Ranar Alhamis bayan Magariba ladan ya yi sanarwa a masallacinmu. Bai ambaci sunan kowa ba. Bai ma buƙata ba, don maganar Rabi ta riga ta tsallaka katanga.

Ranar Juma'a na wuce ta Ƙofar Kaura a bayan acaɓa, na hango wani mutum yana karɓar wayarsa a leda daga hannun Sabi'u, gunduwa-gunduwa, ba a ko ɗaure ta ba. Ranar Asabar na sake wucewa. Teburin da kullum ke cike da wayoyi babu komai a kai sai sukudireba da tsohon buroshi, shi kuma yana zaune ya zuba tagumi. Gyaran waya sana'a ce da ba ta da wani jari sai yarda, don mutum duk rayuwarsa yake miƙa maka a buɗe ya tafi. Sabi'u da ita yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu. Na ga wannan duka, na ji tausayinsa har cikin raina, sannan na sunkuyar da kai na ce wa ɗan acaɓa ya ƙara wuta.

Dabarata a lokacin ita ce masu shafin su dawo da kuɗin kafin Lahadi, sai in ce ɓarawo ya ji tsoron Allah ya mayar, kowa ya huta. Na zauna na rubuta musu wasiƙa da Turancin da ban taɓa yi wa ko hedimasta ba. Ranar Asabar da yamma amsa ta zo. Sun ce yardata tana da matuƙar daraja a wurinsu, kuma don su nuna haka sun ba ni tashi goma na jirgi kyauta. (Tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya: na buga. Duk goman. An yi wa mutum fashi, an ba shi haƙuri da caca, ya karɓa hannu bibbiyu.)

Lahadi ta zo. Rabi ta dama kunu, aka share zaure. Alaramma ya iso da abokan karatunsa biyu, dattawa, kowa da gafakarsa. Maƙwabta suka shigo suka jeru, ciki har da Alhaji Mudi mai shagon kayan masarufi, wanda ba a taro babu shi. Inna ta zauna a bayan labulen ƙofar shiga gida, inda take jin komai. An yi gaisuwa ta yi tsawo, an tambayi gida da iyali da gajiya da zafi da kuma haƙurin rashi, ni kuwa ina amsawa ina fatan kada ta ƙare.

Sai aka yi sallama. Sabi'u ne, cikin farar riga, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya durƙusa ya gaida Alaramma, ya gaida kowa, ya gaishe ni kamar kullum.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "na ji an ce yau za a karanta. Na ce gara a karanta ina zaune."

Ya samu gefen tabarma ya zauna, daidai inda in na ɗaga kai sai na gan shi.

Alaramma mutum ne da ba ya gaggawa. Ya goge tabarau, ya dube ni ta samansa.

"Malam ƙarami, kahin mu hwara, akwai 'yan tambayoyi. Kuɗɗin naka ne?"

"Nawa ne, Malam. Albashina ne da akuyar Inna."

"Madalla. Ina ka aje su?"

"A waya."

"Waya ba ta da aljihu. Banki ne?"

"Kamar banki ne."

"Kamar banki." Ya juya kalmar a baki. "Wa ke da wurin?"

"Ban san sunansa ba, Malam."

"Mutumin ina ne?"

"Ban sani ba."

"To in ka biɗi kayanka ya hana, ƙohwar wa za ka je ka tsaya?"

Sai na ji bakina ya ce, "Akwai hoton makulli a jiki, Malam."

Wani daga cikin dattawan ya yi tari. Alaramma ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wurin Sabi'u.

"Kai, da wayar ta kwana wurinka, ka ga wani abu a ciki?"

"Gilashi aka kawo mini, Malam. Gilashi na canza."

Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma dube ni ba.

Alaramma ya buɗe gafaka. "To, ku saurara. Ƙahwa arba'in da ɗaya za mu yi. Amma ni ina hwaɗa ma kowa tun kahin in hwara: abin nan bai san ɗan gida ba. In mai kaya ya ɓoye wani abu a maganarshi, ko ya bari an zalunci wani shina kallo, to ta gida ake hwarawa."

Zan so in ce muku tausayin Sabi'u ne kaɗai ya buɗe mini baki. Yana ciki, wallahi yana ciki. Amma gaskiya a daidai lokacin na shafa cikina, na ji kamar ya ɗan tasa. Alaramma ya yi gyaran murya, ya fara a'uziyya.

"Malam, a dakata."

Zauren ya yi tsit, har ina jin ƙarar ludayin Rabi daga tsakar gida.

"Ba a wayata aka yi kutsen ba. A wurin da na kai kuɗin ne. Sabi'u ba shi da hannu, ko kusa. Wurin kuma..." Na dubi tabarma. "Wurin wasa ne."

"Wane irin wasa?"

Alaramma ya miƙo hannu, na buɗe shafin na ba shi wayar. Kuma da yake Sabi'u gwani ne, da ya canza gilashi har sifika ya wanke mini kyauta. Wayar ta saki kiɗa iya ƙarfinta, ga ƙarar sulalla na zuba, ga wata murya tana yi mini maraba da dawowa da Turanci. Alaramma ya nesanta wayar daga fuskarsa, ya ƙura ido.

"Wanga jirgin ina za shi?"

"Caca ce, Malam," in ji Alhaji Mudi daga can ƙarshen tabarma. "In bai sauka da wuri ba kuɗin ya tafi." (Daga inda yake zaune ba ya ko hango gilashin. Ban taɓa tambayarsa yadda aka yi ya gane kiɗan ba, shi ma bai taɓa tambayata komai ba.)

Na yi tsuru-tsuru, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Sai daga bayan labule aka ji muryar Inna, a hankali, kamar mai magana da kanta.

"Jar akuyata. A jirgi."

Alaramma ya miƙo mini wayar da yatsu biyu, ya rufe gafakarsa.

"Ɓarawo ya saci na mai caca, mai caca ya ci naka, kai kuma ka ci na wanga bawan Allah. Biyun harko ba su cikin garin nan, kuma ba mu sa karatu a rigimarsu. Na ukun shina gabanmu." Ya nuna ni da haɓa. "A masallaci aka yi shela. A masallaci za a warware ta, kuma da bakinka."

Haka aka yi. Bayan Magariba, liman na sallamewa, na miƙe a sahun gaban da nake taƙama da shi, ladan ya miƙo mini makirfo. Na ce jama'a su shaida Sabi'u bai taɓa mini komai ba, ni ne na kai kuɗina gidan caca na intanet aka yi musu kutse, na kuma yi shiru aka ɓata masa suna. Na manta lasifikar waje a kunne take. Rabi ta ce har a madafi ta ji ni tangaran, da ita da duk matan layin.

Washegari na je Ƙofar Kaura da ƙafata. Na tarar da shi yana goge tebur. Na ba shi haƙuri, na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ai shi bai san abin da ke ciki ba, shi ya sa abin ya zo a haka.

"Ticha," ya ce, "tun ranar Litinin na sani. Wayarka ba ta bar ni na yi aiki ba. Kowane minti biyar sai ta ce jirgi zai tashi."

Na tsaya baki buɗe. "Ka sani? Ana kwashe maka kwastomomi, Alaramma ya tambaye ka a gaban mutane, ka yi shiru?"

"In na faɗi naka yau, gobe wa zai ba ni tasa?" Ya ci gaba da goge teburinsa. "Kuma na ɗauka kai za ka faɗa tun ranar Alhamis."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta kwantar da ni. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Kasuwarsa ta dawo, har ta fi da. Labari ya bazu cewa akwai mai gyara a Ƙofar Kaura wanda ko Yasin za a ja ba ya faɗin abin da ya gani a waya, sai ga manyan mutane daga unguwanni masu nisa suna layi, kowa da tasa damuwar. Alhaji Mudi wayoyi biyu ya kai. Shafin cacar kuwa bayan 'yan makonni ya ɓace gaba ɗaya, da makullin da baiwar Allah mai murmushi. Wasu sun ce kutsen gaskiya ne, wasu sun ce masu wurin ne suka yi wa kansu. Ni dai ba ni da ƙofar da zan je in tambaya.

Har yanzu a bayan acaɓa nake zuwa makaranta. Ɗalibai sun sa mini suna Matuƙi, in na juya allo sai in ji wani yana kwaikwayon ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa. Dattawa sun daina kawo mini saƙonninsu. Inna ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, amma ko yaushe akuya ta gifta ƙofar gida sai ta bi ta da kallo, sannan ta dube ni.

Darasin da na koya bai kai a rubuta a allo ba: kada ka ba da ajiya ga wanda Inna ba ta san gidansu ba. Ni da na yarda da hoton makulli, na bar mutumin da muka yi firamare tare a bakin mutane kwana uku.

Kwanan baya cajin wayata ya lalace, na kai masa. Muka gaisa sosai, ya tambayi Inna da Rabi. Na ajiye wayar, na fara gaya masa lambar buɗewa, zan wuce in dawo gobe kamar kowa. Sai ya ɗaga hannu, ya jawo mini kujera.

"A'a, Ticha. Riƙe lambarka. Zauna a yi a gabanka."

Duk Ƙofar Marusa, ni kaɗai ne wayata ba ta kwana a durowar Sabi'u.